Yajin aiki da talaka: me ya sa masu ra'ayin kawo sauyi ke tsayawa bayan ƙungiyoyin ƙwadago?

"Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata makaranta mai zaman kanta a Tudun Wadan Zariya. Ƙanena yana karatu a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, na 2022 ya zaunar da shi a gida wata takwas cur. Kullum ina jin masu ra'ayin kawo sauyi, waɗanda ke cewa su ne masu kishin talaka, suna goyon bayan ƙungiyoyin ƙwadago, alhali duk sanda aka tsunduma yajin aiki ɗan talaka ne ke ɗanɗana kuɗarsa. A ɗaya ɓangaren kuma, mu a makarantarmu albashinmu bai kai mafi ƙarancin albashi ba, wani lokaci a yi wata biyu ba a biya mu ba, wanda ya yi magana kuma a nuna masa ƙofa. Shin ƙungiyar ƙwadago alheri ce ga talaka ko masifa? Mu da ba mu da ƙungiya kuma, ina mafita?"

Wa alaikumus salam, Malama. Tambayarki kashi biyu ce, amma a ganina rabi na biyu ya riga ya fara amsa rabi na farko. Kina tambaya ko ƙungiyar ƙwadago na amfanar talaka, tunda yajin aikinta a kansa yake ƙarewa, sannan kin kwatanta yadda rayuwa take a wurin aikin da babu ƙungiya kwata-kwata. Na daɗe ina riƙe da sakataren reshen ƙungiya a wata masana'anta a nan Zariya, daga baya kuma na riƙa zama a kwamitocin sasanta ma'aikata da masu ɗaukarsu aiki, don haka zan amsa miki daga abin da na gani da kuma abin da doka ta tanada. Ni ba lauya ba ne, kuma akwai gaɓar da zan ce miki lallai sai kin ga lauya.

Tushen ra'ayin

Masu ra'ayin kawo sauyi suna farawa ne daga abu guda, wato cewa ma'aikaci shi kaɗai da mai ɗaukarsa aiki ba tsara ba ne a wurin ciniki. A takarda, kowannensu yana da 'yanci: ke kina iya ajiye aiki, mai makaranta kuma yana iya sallamarki. Amma idan kin tafi yau, shi zai sami mai NCE ko mai digiri da zai maye gurbinki kafin mako ya zagayo, domin ga kwalejojin ilimi ga jami'o'i suna yaye ɗalibai duk shekara, aiki kuma babu. Ke kuwa kuɗin haya da cefane ba za su jira ki ba. Wanda zai iya jira shi ke yanka farashi. Abin da ƙungiya ke yi shi ne ta mai da ma'aikata masu yawa murya ɗaya, ta yadda mai aiki ba zai iya maye gurbinsu duka a rana ɗaya ba, shi ma ya san zafin jira. Daga nan ne ake samun ciniki na gaske kan albashi, awannin aiki, hutun haihuwa, garatuti da ƙa'idar sallama.

Masu ra'ayin bar wa kasuwa halinta suna da tasu hujjar, kuma ban ɗauke ta wasa ba. Suna cewa idan aka tilasta wa mai ƙaramar sana'a biyan abin da ya fi ƙarfinsa, to ko dai ya rage ma'aikata, ko ya ƙara kuɗin kaya, ko ya rufe, a ƙarshe marasa aiki su ƙaru. Wannan yana faruwa. Amsar da ɗaya ɓangaren ke bayarwa ita ce, idan haka ne a buɗe littafin shige da fice a gani, domin sau da yawa "babu kuɗi" na nufin an riga an yanke shawarar inda kuɗin za su tafi tun kafin a tuna da ma'aikaci. A wajen Musulmi kuma batun bai tsaya ga lissafi ba, tunda hadisin da Ibn Majah ya ruwaito ya umarci a ba ɗan ƙwadago ladansa kafin guminsa ya bushe, kuma wanda ya riƙe albashin wata biyu alhali ya karɓi kuɗin makaranta tun farkon zango ya san inda ya tsaya game da wannan umarni.

Akwai kuma hujjar tarihi, wadda ita ce ta fi ƙarfi a wurina. A watan Yuni na 1945 ma'aikatan Najeriya, ma'aikatan jirgin ƙasa a kan gaba ƙarƙashin Michael Imoudu, suka yi yajin aiki na fiye da kwana 40 kan alawus na tsadar rayuwa, sai da Turawan mulki suka kafa kwamitin Tudor Davies aka yi ƙari. A ranar 18 ga Nuwamba, 1949 'yan sanda suka harbe masu haƙar kwal 21 a Iva Valley da ke Inugu, abin da ya haɗa kan masu neman 'yancin kai fiye da jawabai masu yawa. A Arewa, Malam Aminu Kano ya fara da haɗa kan malaman makaranta a ƙarshen shekarun 1940 kafin a kafa jam'iyyar NEPU a 1950, saboda haka siyasar sawaba da gwagwarmayar ma'aikata tare suka taso. Gwamnatin Abubakar Rimi ta jam'iyyar PRP ce ta fara ba da hutun ranar ma'aikata a Kano a 1980, kafin gwamnatin tarayya ta bi sahu a 1981. A shekarar 1981 ɗin ne kuma NLC, haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa wadda aka kafa a 1978, ta yi yajin aikin gama-gari ƙarƙashin Hassan Sunmonu, aka sami dokar mafi ƙarancin albashi ta farko, naira 125. Daga nan zuwa naira 18,000 a 2011, 30,000 a 2019, da 70,000 a 2024, babu adadin da aka miƙa wa ma'aikata ba tare da wa'adi ko yajin aiki ba. Mu mutanen Zariya muna da namu abin tunawa: lokacin da aka harbe ɗalibai a Samaru, inda Jami'ar Ahmadu Bello take, a watan Mayu na 1986, NLC ƙarƙashin Ali Ciroma ce ta shirya zanga-zangar nuna alhini a faɗin ƙasa, gwamnatin soja ta kama shugabanninta. Babangida ya rushe shugabancin NLC a 1988, Abacha ya sake rushe shi a 1994, ya kuma tsare Frank Kokori na ƙungiyar ma'aikatan man fetur tsawon shekaru. Mai mulki ba ya ɓata lokacinsa wajen rushe abin da ba ya hana shi sakewa.

Dalilin da ya sa zafin ke sauka a kan ɗan talaka

Yanzu ga ƙorafinki na gaskiya, kuma ba zan kauce masa ba. A masana'anta ne lissafin yajin aiki ke tafiya daidai. Lokacin da masaƙun Kakuri a Kaduna ke aiki, idan ma'aikata suka kashe injuna, mai masaƙa ne ke asarar kuɗi duk awa, ma'aikata kuma suna asarar lada, don haka kowane ɓangare na da dalilin gaggauta zama a teburin sulhu. Na ga haka da idona a inda na yi aiki. Mun taɓa shiga takaddama kan kuɗin aikin dare, manaja ya buɗe taro da cewa duk wanda bai gamsu ba ƙofa a buɗe take. Ba mu ɗaga murya ba. Mun ajiye masa takardun albashin ma'aikata a jere da rajistar da masu gadi ke rubuta shiga da fita, awa da awa, muka kuma shaida masa ranar da wa'adinmu zai cika, wadda ta zo daidai da lokacin da motocin dillalai ke layi a bakin ƙofa suna jiran kaya. Ya ɗauki biro ya lissafa abin da kwana uku na rufewa za su ci masa, ya ga ya ninka abin da muke nema. Ba a kai ga kashe inji ko ɗaya ba aka sa hannu. Yajin aikin da ya fi kowane nasara shi ne wanda mai aiki ya tabbata za a iya yi, har ya sa ba sai an yi ba.

A aikin gwamnati wannan lissafi ya karye. Idan aka rufe jami'a, ministan da ya ƙi cika alkawari ba ya asarar kobo, albashinsa na shiga, 'ya'yansa kuma galibi ba a jami'ar gwamnati suke ba. Asarar sai ta faɗa kan mutum na uku wanda ba ya cikin ɗakin taron. Duk wanda ya ratsa Samaru tsakanin 14 ga Fabrairu da 14 ga Oktoba na 2022 ya gani: shagunan buga takardu da ɗaurin littafin kammala karatu a kulle, masu sayar da abinci a bakin babbar ƙofa sun rage tukunya, 'yan acaɓa na kwance kan babura a inuwa, masu gidajen haya ɗakuna ba kowa. Ƙanenki kuma shekarunsa na tafiya, ga iyakar shekara 30 ta bautar ƙasa, ga iyakar shekarun da masu ɗaukar aiki ke sawa. Saboda gwamnati ba ta jin zafin kai tsaye, sai ta zaɓi jira har jama'a su gaji su juya wa malamai baya, ƙungiya kuma sai ta ƙara tsawon yajin tana fatan kukan jama'a ya kai kunnen gwamnati. Kowane ɓangare da wahalar ɗalibi yake ciniki. Shi ya sa aka ga kusan wata shida a 2013, wata tara a 2020, da wata takwas a 2022.

Amma a yi wa ASUU adalci ta fuska biyu. Na farko, akasarin waɗannan yaje-yajen ba neman sabon abu ba ne, neman a cika yarjejeniyar da gwamnati ta sa wa hannu da kanta ne, musamman ta 2009. Ƙasar da sa hannun minista bai zama hujja ba har sai an rufe makarantu, ita ce ke koya wa ma'aikatanta cewa yajin aiki kaɗai ake ji. Na biyu, yarjejeniyar 1992, wadda ASUU ta cimma lokacin shugabancin Attahiru Jega, ita ce ta haifar da harajin ilimi na kashi 2 cikin 100 na ribar kamfanoni a 1993, asusun da ya zama TETFund a 2011. Ki zagaya jami'a da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli ki ƙirga gine-ginen da ke ɗauke da sunan wannan asusu. Akwai yiwuwar ɗakin da ƙanenki ke ɗaukar darasi a ciki yajin aikin wani zamani ne ya gina shi, wasu ɗaliban ne kuma suka biya da nasu watannin.

Duk da haka, hukuncina shi ne yajin aikin sai-baba-ta-gani a makaranta da asibiti makami ne da ya dakushe. A 2022 ba sulhu ne ya kawo ƙarshensa ba, umarnin Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ne, gwamnati kuma ta ɗauko sashe na 43 na Dokar Rikicin Ƙwadago ta 1976, wanda ya ce ba aiki ba albashi, ta riƙe albashin malamai, sai daga baya aka biya wani ɓangare. Ta kuma yi wa wata ƙungiyar kishiya, CONUA, rajista a shekarar. A asibiti kuwa ina ganin babu hujjar da za ta sa a janye hannu gaba ɗaya daga sashen gaggawa da ɗakin haihuwa. Mutumin da aka ɗauko daga Giwa ko Soba zuwa asibitin koyarwa na Shika cikin dare ba shi ne ya riƙe alawus ɗin kowa ba, kuma ba shi da kuɗin asibitin kuɗi. Mai ra'ayin kawo sauyi na gaskiya yana kare haƙƙin yin yajin aiki, amma wannan bai ɗora masa wajibcin yaba wa kowane yajin aiki ba. Ma'auninsa shi ne ko matakin ya ɗaga talakawa gaba ɗaya, ko kuwa ya ɗaga wani rukuni ne a kan wuyan sauran.

Da wannan ma'aunin nake kallon abin da ya faru a jiharmu. A 2017 gwamnatin Nasir El-Rufai ta yi wa malaman firamare jarrabawa, ta ce fiye da 21,000 sun faɗi, ta sallame su, ƙungiyar malamai ta NUT ta shiga yajin aiki a farkon 2018. Ƙungiya tana da gaskiya da ta tsaya kan cewa a bi ƙa'ida, a biya kowa haƙƙinsa, a kuma tambayi waɗanda suka ɗauki malaman tun farko. Amma ɗan talakan da ke aji huɗu bai iya karatu ba shi ma talaka ne, kuma ƙungiyar da ba ta zo da nata tsarin gyara ingancin koyarwa ba ta bar wa gwamnati filin ta nuna kanta a matsayin mai kishin yara. A watan Mayu na 2021 NLC ƙarƙashin Ayuba Wabba ta zo Kaduna da yajin gargaɗi na kwana biyar kan korar ma'aikata, aka ɗauke wuta, aka rufe bankuna da tashar jirgi, aka janye a rana ta uku da gwamnatin tarayya ta shiga tsakani. An nuna ƙarfi, amma mai walda da mai sayar da ƙanƙara su ma sun biya.

Babban aibin

A nan ne rabin tambayarki na biyu ya shigo. Tun da masaƙu suka durƙushe a shekarun 2000, ƙarfin ƙungiyoyin ƙwadago ya tattare a hannun ma'aikatan gwamnati, mutanen da duk wuya suna da takardar kama aiki da fansho. Mafi yawan masu aiki a Zariya ba sa cikin wannan sahu: malaman makarantu masu zaman kansu, masu gadi da masu shara da kamfanonin kwangila ke kawowa, yaran shago a Sabon Gari, ma'aikatan gidajen mai, leburorin gini, da ma'aikatan wucin gadi da ake sabunta wa kwangila duk wata uku don kada su cancanci komai. Dokar mafi ƙarancin albashi ma ta keɓe wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba. Saboda haka talakan da ke kallon yajin aiki daga waje yana da dalilin ganin faɗan masu albashi ne. Lokutan da ƙungiyoyi suka sami goyon bayan kowa su ne lokutan da suka ɗauki kukan kowa, kamar a Janairun 2012, da aka kai litar fetur naira 141 daga 65, yajin aiki da zanga-zanga suka dawo da ita 97. Ko a nan ma da yawa daga waɗanda suka fito titi sun ji an yi sulhu a bayan idonsu. Ga kuma matsalar shugabannin da ke mai da kujerar ƙungiya tsanin siyasa, da kuɗin da ake cira daga albashin mambobi wata-wata ba tare da an karanta musu lissafi ba. Masu ra'ayin kawo sauyi da na san suna ɗaukar abin da muhimmanci, maganin da suke bayarwa shi ne a faɗaɗa ƙungiya ta kai ga irinku, a kuma tsare zaɓe da lissafi a cikinta. Rusa ta ba zai ƙara miki kobo ba, sai dai ya mai da malamin gwamnati irin halin da kike ciki.

Abin da za ku iya yi

Ki lura cewa masu makarantu suna da tasu ƙungiyar, NAPPS, inda suke haɗa baki kan haraji da kuɗin makaranta, don haka babu wanda zai ce muku haɗa kai baƙon abu ne. Sashe na 40 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin kafa ƙungiyar ƙwadago ko shiga cikinta, Najeriya kuma ta amince da yarjejeniyoyi na 87 da 98 na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tun 1960. Kafa sabuwar ƙungiya mai rajista yana buƙatar aƙalla mutum 50, kuma ba a cika yi wa sabuwa rajista ba idan akwai wadda ta riga ta shafi wannan fanni, shi ya sa hanya mafi sauƙi ita ce ku je ofishin NLC na jiha a Kaduna ku nemi a nuna muku inda za ku rataya.

Kafin wannan, shawarata ita ce kada ku fara da maganar yajin aiki, domin a makaranta mai malamai kaɗan sallamarku duka ba ta fi ƙarfin mai makaranta ba, musamman lokacin dogon hutu. Ku fara da takardu. Kowa ya adana takardar kama aiki idan yana da ita, da saƙonnin banki na shigar albashi, da littafin da yake rubuta watan da aka biya da wanda ba a biya ba. Dokar Ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki, ta hana korar mutum saboda yana cikin ƙungiya, ta kuma tsara wa'adin sallama, daga kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba har zuwa wata guda ga wanda ya kai shekara biyar. A nan ne gaɓar lauya: ma'anar "ma'aikaci" a wannan doka ta fitar da masu aikin gudanarwa da na ƙwararru, don haka sai lauya ya duba takardunku ya ce wane sashe ne ya hau kanku. Bashin albashi kuwa bashi ne ko ta wace fuska, kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ɗaga darajarta, tana sauraron irin wannan ƙara ko da mutum ɗaya ne ya shigar.

Daga nan ku rubuta takarda ɗaya, cikin ladabi, mai buƙatu biyu ko uku da za a iya aunawa, misali ranar biyan albashi tsayayya da jadawalin biyan bashin da ya taru. Kowa ya sa hannu, kuma na sha ba da shawarar a jera sunaye bisa harafi don kada a ce wane ne shugaban tawaye. Ku miƙa ta a makonnin farko na zango, lokacin da kuɗin makaranta ke shigowa kuma maye gurbin malami ke da wuya. Ku nemi wani dattijo da mai makarantar ke jin nauyinsa, limami ko shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, ya zauna a matsayin shaida, domin a garinmu kunya takan yi aikin da sammaci ba ya yi, kuma iyaye ba sa son a riƙa canja wa 'ya'yansu malami duk zango. Idan ya ce babu kuɗi, ku nemi a kawo adadin ɗalibai da abin da aka tara, kuma ku shirya karɓar gaskiya idan ta nuna makarantar na tangal-tangal ne, domin a irin wannan hali biya kashi-kashi da aka rubuta ya fi alkawarin baki. Duk abin da aka amince a rubuta shi da kwanan wata, kowane ɓangare ya riƙe kwafi. Idan aka ƙi sauraronku, ko aka kori wani saboda takardar, mataki na gaba shi ne ku kai ƙorafi a rubuce ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke Kaduna, inda jami'an ƙwadago ke gayyatar ɓangarorin biyu don sasantawa, ku tafi da kwafin duk takardun da kuka tara.